Kafin a zuba hatsi, a san abin da injin ya niƙa jiya

 Sharhinmu na yau zai kai mu cikin duwatsun Abzin, garin Timia da ke jihar Agadas, kuma zai tsaya ne a kan wani abu da ba kasafai ake kawo maganarsa gidan rediyo ba, wato abin niƙa ko abin wasa ƙarfe na gwanjo, wanda ya faɗo hannun mutum ba takarda, ba suna, ba kuma wanda ya san aikin da aka ƙera shi dominsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda motocin kaya ke sauke lodi ya san irinsa. Ƙarfe ne mai nauyi da ya sha tsatsa, da hannun juyawa a gefe ko mazaunin bel, da faifan dutse ko na ƙarfe a ciki. Mai sayarwa ya ce, "Wallahi lafiyarsa lau, daga Libiya ya zo." Wannan ya ce na niƙa alkama ne, wancan ya ce a'a, na wasa gatari ne, wani can gefe ya ce shi kam ya ga irinsa a wurin haƙar zinariya. Kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba. To, a saya ko a bari? In an saya, me za a yi da shi?

Ra'ayinmu a nan ɗaya ne, sauran maganar duk hujja ce a kansa. Kayan gwanjo ba abin ƙi ba ne, sau da yawa ma shi ne rufin asirin talaka. Amma abin niƙa ya bambanta da tsohuwar riga ko tsohon keke, domin abin da ya ci jiya yana nan maƙale a haƙoransa. Saboda haka tambayar farko ita ce daga ina ya fito, kuma me ya niƙa. Tambayar nawa ne ta biyo baya.

Me ya sa maganar ta fi nauyi a Timia fiye da a Yamai ko Maraɗi? Tsakanin Timia da Agadas akwai tafiyar fiye da kilomita 200, hanya ce ta duwatsu da kori, wadda ruwan damina kan yanke. In ƙarfe ɗaya ya karye a inji, sai a zauna jiran mota. Garin kuwa da kaifi yake rayuwa. Garake ne cike da lemu da rumman da dabino, ga alkama da masara da albasa da tafarnuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke samuwa ba tare da fartanya da lauje da gatari da wuƙa ba. Ga maƙera, masu ƙera kayan aiki da kayan adon azurfa, waɗanda rabin aikinsu gogewa ce da wasawa. Ta ɓangaren abinci kuma, gero ne ginshiƙi, ko da yake daga kudu yake zuwa. Tun kaka da kakanni ayarin Abzinawan Kel Ewey ke tashi wajen watan Oktoba, ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya ɗauko gishiri da dabino, sannan ya gangara Damargu da Damagaram har Kano ya musanyo hatsi. Geron nan sai an surfa an daka, alkamar garka sai an niƙa, kuma kowa ya san a wuyan wa wannan aiki yake. Duk injin da ya yi wa mata alkawarin hutu daga turmi da taɓarya, ba zai rasa maraba ba.

Wani Bajamushe masanin rayuwar al'umma, Gerd Spittler, ya daɗe yana bincike a Timia tun shekarun 1970, har ya yi rubutu a kan yadda mutanen garin suka fuskanci farin 1984. Daga cikin ayyukansa, shi da abokan aikinsa sun ƙirga kayan da ke cikin gidajen Timia ɗaya bayan ɗaya, suka kwatanta da na ɗaliban Jamus. Tazarar ba kusa ba ce, kayan ɗalibi guda sun ninka na mutumin Timia sau da yawa. Abin lura a nan shi ne, mai kaya kaɗan ya san kowane ɗaya cikinsu. Ya san wanda ya sassaƙa turminsa, da icen da aka yi shi, da maƙerin da ya ƙera gatarinsa. Wannan sanin ne kayan gwanjo ke yankewa. Yau abu na iya shigowa gida alhali mutum biyar ne suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kuma na ƙarshensu bai san na farko ba.

Ta ina suke shigowa? Hanyoyin sanannu ne. Akwai masu dawowa daga Libiya da Aljeriya da kaya a saman mota. Akwai kasuwannin tsofaffin ƙarafa irin Katako a Yamai da Ƙofar Ruwa a Kano. Akwai Arlit, garin yuraniyom, inda aka fara haƙa tun 1971, inda kuma kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akouta a ƙarshen watan Maris na 2021. Sannan akwai filayen zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado da Tchibarakaten a 2014, dubban matasa suka kwarara arewa, injunan fasa dutse da na niƙa shi suka bi su. Rami ya ƙare ko jari ya karye, mai inji ya sayar da shi ko nawa ne, ya nemi kuɗin mota. Kowace hanya cikin waɗannan da irin tabon da take bari a jikin ƙarfe.

Yanzu ga abu a gabanka, yaya za ka gane shi? Mutumin Timia ba ya sayen raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya duba tambarin da ke jikinsa, ya tambayi garken da ya fito, ya kuma sa an tayar da shi ya ga tafiyarsa. Haka za ka yi wa injin nan, ba ragi.

Fara da siffa. In yana da mazubi a sama da mafita a ƙasa, to na mayar da abu gari ne. Buɗe cikinsa. In ka ga faifai 2 na ƙarfe masu zane-zane suna fuskantar juna, da abin murɗawa da ke matse su ko ya sassauta, wannan shi ne irin injin niƙa da markaɗe da aka saba gani. In kuwa ka ga 'yan ƙarafa suna reto a jikin sanda, da rariyar ƙarfe a ƙasa, to mai bugu ne, yana farfasa ƙwaya har ta bi ta rariya. In babu mazubi sam, dutsen a fili yake, da ɗan dandamali a gabansa inda ake ɗora abu, wannan na wasa ƙarfe ne. In ka ga kwami a ƙarƙashin dutsen, wurin zuba ruwa ne, kuma alama ce cewa a hankali aka yi shi ya juya. In na riƙewa a hannu ne, mai faifai siriri a baki, shi ne wanda masu walda ke yanka ƙarfe da goge shi.

Daga nan nemi ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin injin, ka goge shi da tsumma da ɗan kananzir. Ko ba ka karanta boko ba, kira yaro ɗan makaranta. Lamba mai harafin V a gefe ita ce ƙarfin wutar da yake sha. Wutar Nijar 220 ce. In ka ga 110 ko 120, don Amurka aka yi shi, kana haɗa shi da janareto zai ƙone. In ka ga 380, wutar masana'anta yake so, ƙaramin janareton gida ba zai tayar da shi ba. Sai kuma lambar da ke biye da tr/min a rubutun Faransanci, ko RPM a na Ingilishi. Wannan ita ce yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Sannan juya shi da hannu, wuta a kashe. Ka ji yana gurnani ko yana cijewa, boris ya mutu. Ka ga sandar tana rawa, ta lanƙwashe. Sa tsinke ka ƙwaƙulo ƙurar da ta daskare a lungunansa, ka zuba a tafin hannu. Garin hatsi fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, yana da laushi, tsohonsa yana warin ruma, wani lokaci har da gawar ƙwari. Garin dutse kuwa yana da nauyi, yana ƙaiƙayi tsakanin yatsu, ba ya kumbura in ya sha ruwa. Kada ka ɗanɗana shi da harshe. Bayan haka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, har da ɗan allon nan, ka aika wa makanike a Agadas ta WhatsApp, ka kuma kai shi gaban maƙerin garinku. Matambayi ba ya ɓata.

A ce bincike ya nuna na wasa ƙarfe ne. Madalla, ka yi tsintuwa, amma da sharaɗi. Dutsen wasawa na iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba, musamman wanda ya sha jijjiga a bayan mota daga Sabha ko Tamanrasset. Gwajinsa ba ya cin ko dala. Cire shi, ka rataye shi a yatsa ko a sanda ta ramin tsakiya, ka ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar ice. Lafiyayyen dutse yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ƙararrawa-ƙararrawa. Mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwal, murya a dishe. Wanda ya yi haka, jefar da shi, ko ka mayar da shi mawashin hannu. Kada ya sake hawa inji.

Sai maganar lambar juyi. Kowane faifai akwai iyakar gudun da zai iya ɗauka, a rubuce a jikinsa, kuma dole lambar faifai ta kai ta injin ko ta fi ta. Injin wasawa na kan tebur yakan yi juyi kusan 2,900 a minti. Ƙaramin na hannu yakan kai 11,000. Faifai mai faɗin milimita 115 an yi shi ya jure har 13,300, amma babba mai milimita 230 iyakarsa wajen 6,600 ne. Ga inda ake samun matsala: mutum ya cire murfin ƙaramin inji don babban faifai ya shiga, ya kunna, faifan ya yi gudun da ya zarce ƙarfinsa da fiye da rabi. Bakin irin wannan faifai, ko a gudunsa na ƙa'ida, yana tafiyar mita 80 a daƙiƙa, kusan kilomita 290 a awa ke nan. In ya tarwatse, fuska da wuya da cinya yake nema. Ka tuna kuma nisan da ke tsakaninka da likitan fiɗa. Waɗannan sirara-siraran faifai har ranar lalacewa gare su, an buga ta a zoben ƙarfen da ke tsakiya, galibi shekara 3 daga ƙira, domin ƙaron da ya haɗa su yana tsufa, zafi da laima kuma suna gaggauta tsufansa.

Ranar da za ka fara kunna shi, mayar da murfin, ka matso da dandamalin har tazararsa da dutse ta zama kamar milimita 3, don kada wuƙa ta faɗa tsakani. Kori yara. Tsaya a gefe, kada ka fuskanci dutsen, ka bar shi ya yi gudu minti ɗaya cur babu komai a kai. Sa tabarau. Naɗe rawaninka da hannun rigarka tamau, domin inji ba ya sakin ƙyalle in ya kama. Nesanta shi da jarkar fetur da tarin ciyawa saboda tartsatsi. Wajen wasawa kuma kada ka danne. Da ka ga bakin lauje ya fara yin shuɗi, ya ƙone ke nan, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, gobe zai dakushe tun kafin hantsi. Ajiye gwangwanin ruwa kusa, kana yi kana tsomawa.

A nan ne za mu yi wa tsohon kaya adalci. In aka ba mai garka a Timia zaɓi tsakanin sabon injin wuta mai araha da tsohon dutse mai hannun juyawa da kwamin ruwa, mu dai na biyun za mu nuna masa. Ba ya shan fetur ɗin da sai an yi dakonsa daga nesa, ba ya ƙona ƙarfe, ba ya tayar da ƙurar da ke cin huhu, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa maƙerin gari zai iya gyarawa. Ladabinsa ɗaya ne: in an gama aiki a zubar da ruwan, domin gefen da ya kwana a jiƙe yana yin laushi, dutsen ya cinye a karkace.

To, in kuma na niƙa ne fa? Nan ne masu sauraro za su ƙara kasa kunne, musamman iyaye mata. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a Najeriya, yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ja hankalin duniya, gwaji ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin cike yake da dalma. Mutane suna kawo shi cikin gida, a daka shi a turmi, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci da hannun yaro mai rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ba kowane dutsen zinariya ne ke ɗauke da dalma ba, wannan gaskiya ne. Amma ido ba ya bambancewa, kuma dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, tafasa ba ta kashe ta. Kaɗan daga cikinta ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro har ƙarshen rayuwarsa, ko ya cutar da ɗan da ke ciki. Ga kuma zaiba da masu wanke zinariya ke amfani da ita, wadda ita ma guba ce. Wani zai ce ai sai a wanke injin da sabulu. Wanki yana kai wa inda hannu ya kai ne kawai. Baƙin ƙarfen da ake zuba waɗannan injuna yana da ƙofofi da lunguna, ƙura tana shiga bayan faifai da ramin noti da cikin giris, ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin gari wata da watanni. Hukuncinmu a nan ba sassauci: injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adini ya bar abinci har abada. Haka turmin ƙarfe, haka rariya, haka bahon da aka wanke zinariya a ciki.

Arlit ma da nata darasin. A ƙarshen 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, ta auna tsofaffin ƙarafa a garin ta tarar wasu suna fitar da tururin yuraniyom. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je ta sake samun irinsu a kasuwa. Ba muna cewa duk ƙarfen da ya fito Arlit gurɓatacce ne ba, kuma ba muna ɓata wa 'yan kasuwar garin sana'a ba. Abin da muke cewa shi ne, wannan irin gurɓata na'ura ce kaɗai ke gano ta. Saboda haka bututu ko faranti ko ganga da ba a san daga wane sashe ta fito ba, kada a ƙera mazubin injin niƙa da ita, kada a yi tukunya, kada a ajiye ta a ɗakin kwana.

In kuwa an tabbatar, da shaidar wanda aka yarda da shi, cewa hatsi kawai injin ya taɓa ci, sai a shirya shi. A kwance shi gaba ɗaya, a kankare tsatsa da tsohon fenti daga duk inda gari zai bi, domin tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma. A wanke, a shanya, a tabbatar giris ba ya ɗiga cikin mazubi. In faifan sun cinye a kai a koɗa su, ko a sayi sababbi, a kuma tambaya tun kafin biya ko ana samun irinsu a Agadas, don injin da ba a samun kayan gyaransa gunki ne kawai. Niƙan farko a yi shi da dusa, a zubar, kada a ba awaki. Sannan a ratsa maganaɗisu cikin garin da ya biyo baya, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. In ya fito da baƙin gashi-gashi, faifan suna cin juna, a sassauta su. Mai injin da ke matse faifai don gari ya yi laushi a zubi ɗaya, ƙarfe yake ciyar da mutane. Gara a zuba sau 2.

Akwai wani tsohon abin niƙa da ya girmi duk waɗannan, kuma masu ayari sun fi kowa saninsa. A cikin Tenere da gefen duwatsun Abzin ana tarar da dutse mai faɗi, tsakiyarsa ta lotsa ta yi santsi, wani lokaci da ɗansa kwance a kai, a wurin da yau babu ko ciyawa. Dutsen niƙa ne na mutanen da suka zauna a wurin tun Sahara tana da tafkuna da kifi da shanu, tsakanin shekara 10,000 zuwa 5,000 da suka wuce. A Adrar Bous, arewa maso gabashin Abzin, masana sun yi tono a 1970 suka sami kayan aikinsu. A Gobero kuma, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta ci karo da maƙabartarsu a shekarar 2000, mai kaburbura kusan 200. Dutsen da ke inda masu shi suka bar shi yana ba da labari, har ɓurɓushin tsabar da aka niƙa a kai masana kan gano. Da an ɗauke shi an ɗora a mota, labarin ya yanke.

Dutsen da Inna ta gada wurin kakarta, take niƙa alkama ko yaji a kai, ba da shi muke ba, Allah ya bar mata kayanta. Muna magana ne da mai zuwa ya kwaso su buhu-buhu don sayar wa baƙi, ko daga hamada ko daga kangon tsohon birnin Asode da ke arewa da Timia. Tun 1991 UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya, kuma Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Wanda ya ga irin wannan wuri ya ɗauki hoto, ya shaida inda yake, ya gaya wa hukumar gari, magana ta kai ga masu binciken Jami'ar Abdou Moumouni ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. 'Yan jikunan da za a ba mai sayarwa kwana kaɗan za su yi, abin kuwa ya tafi ke nan.

Mun san abin da wani zai ce: "Malam, kai kana cikin ɗakin rediyo kana lissafi, mu sabo ya fi ƙarfinmu." Gaskiyarka. Shi ya sa ba mu ce a daina sayen gwanjo ba. Duk abin da muka lissafa, daga ƙwanƙwasa dutse zuwa ratsa maganaɗisu, babu mai cin kuɗi, natsuwa kawai yake so. Araha ba ta ado in ƙarshenta gadon likita ne. Addininmu ma ya riga ya shimfiɗa ƙa'ida. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in aibin ya bayyana daga baya. Wanda ya san injinsa daga ramin zinariya ya fito, ya shafa masa fenti ya ce na hatsi ne, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Saboda haka muna kira. Masu sayarwa, ku faɗi asalin kaya, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Masu saye, ku yi ciniki gaban shaidu, da sharaɗin gwaji da mayarwa. Ƙungiyoyin mata da na masu garake, in za ku haɗa kuɗi ku sayi inji, ku tafi da makanike ko maƙerin da kuka amince da shi, kuma ku kafa doka cewa injin abinci ba ya karɓar dutse ko nawa za a biya. Hukumar gari da sarakuna da limamai, ku sa ido kada a niƙa dutsen ma'adini cikin unguwa. Ma'aikatan lafiya, in aka kawo yaro yana jijjiga kuma gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba, ku tambayi sana'ar mahaifinsa da inda ake yi wa gidan niƙa.

A taƙaice, abin da aka gane na wasawa ne, a gwada dutsensa a sa shi aiki. Abin da aka tabbatar hatsi kawai ya ci, a gyara shi a niƙa. Wanda kuwa aka rasa sanin asalinsa, wurinsa maƙera, kada ya kusanci abin da za a sa a baki. Iyakar sharhin namu ke nan na yau. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a garake da ayari.